Ranar Da Na Hana Kawu Shiga Rijiya

Kawu yayan mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Da mahaifina ya rasu, shi ya zo Tambuwal ya ɗauke ni daga gona ya sa ni cikin sana'arsa ta haƙar rijiya. A lokacin gwamnati ta fara gina rijiyoyin siminti a ƙauyuka, an rarraba mahaƙa ƙungiya-ƙungiya, kowace da kayan aikinta. Kawu yana cikin waɗanda aka fara ɗauka, domin tun kafin a san siminti a ƙasarmu yake haƙa wa mutane rijiya irin ta da, wadda ake jera wa itace a baki.

Gajeren mutum ne mai faɗin ƙirji, tafin hannunsa kamar ɓawon kuka. A sama ba shi da yawan magana. Amma in ya sauka ƙasa sai ka riƙa jiyo muryarsa tana tasowa, yana 'yar waƙarsa yana sara, kamar can ne gidansa, nan sama kuwa baƙunci ya zo. Shi ya koya mini yadda ake zama cikin bokitin da ake saukar da mahaƙi, da yadda ake kallon bango a gane ko zai zubo. Bai taɓa kirana da sunana ba, sai dai “ɗan nan”.

Gab da samun mulkin kai na shiga ajin yaƙi da jahilci, na iya karatu da ɗan rubutu. Da Baturen da ke duba aikinmu ya koma ƙasarsu, aka kawo ɗan Arewa a madadinsa, aka ce kowace ƙungiya a naɗa mata helma, wato shugaban ma'aikata, wanda zai iya rubuta rahoto. Aka zaɓe ni. Na ji nauyin abin ƙwarai, na ce yaya zan shugabanci wanda ya goya ni. Kawu da kansa ya ce in karɓa, gara ɗansa ya ba shi umarni da a kawo masa bare. Haka muka ci gaba, ni helma a baki, shi kuwa babba a wurin kowa, har da ni.

Aikinmu kashi biyu ne. Akwai masu shiga ƙasa, akwai 'yan sama. 'Yan sama su ke kwaɓa siminti, su kwashe ƙasar da aka fito da ita, su juya winci, wato ƙarfen da igiya ke naɗuwa a kai. Masu shiga ƙasa su ke haƙa, su ɗaura zoben ƙarfen da ake zuba siminti a bayansa. Girman yana wurin masu shiga. In matan gari suka kawo fura, su ake fara miƙa wa. In mai gari ya zo gaisuwa, hannunsu yake fara nema.

Masu shiga ƙasa suna da al'adarsu: abin da ya faru a cikin rijiya ba ya fitowa sama. In tsoro ya kama mutum a can ƙasa, ko ya yi amai, ko ya fashe da kuka don duhu da ƙunci, abokin shigarsa ba zai faɗa wa kowa ba har abada. Ni ma an rufa mini irin wannan asirin a shekarata ta fari, kuma Kawu ne ya rufa. Ina ganin kyawun al'adar, don ita ke sa mutum ya yarda ya sauka da ɗan'uwansa. Ban taɓa tunanin ranar da za ta ɓoye mini abin da ya wajaba in sani ba, don tun da na zama helma na rage shiga, na koma tsayuwa a baki.

Da bazara muna aiki a wani ƙauye gaba da Kebbe. Rijiyar ta yi zurfi, mun wuce marmara, in ka leƙa ba ka ganin mutum sai motsinsa. Ran nan da hantsi Kawu yana rataye cikin bokiti a tsakiyar rijiya yana gyara zobe. A can ƙasa kuwa akwai wani mutumin Jabo, magidanci mai ƙananan 'ya'ya, yana tara laka. Sai muka ji ƙara, muka ji wani irin nishi, sannan shiru. Na yi kira, ba wanda ya amsa. Na ce a juya winci.

Da bokitin ya iso baki, Kawu yana zaune a ciki, kansa ya langaɓe, idanunsa a buɗe amma ba ya ganin kowa. Gudumar da ya sauka da ita ba ta hannunsa. Muka kwantar da shi, muka yayyafa masa ruwa, kafin a ce haka ya farfaɗo yana tambayar abin da ya tara mu. Na sauka da kaina na ɗauko mutumin Jabo. Gudumar ta same shi a kafaɗa ta karya ƙashi. Da ta goce kaɗan, a tsakar kansa za ta sauka.

Muka ɗora shi a jaki zuwa wurin maɗori a Kebbe, ina tafe a gefensa ina tallafe da shi. A hanya, cikin zafin ciwo, ya faɗa mini abin da ba a faɗa. Ya ce wannan ba shi ne farko ba. Tun bara jiri yake ɗaukar Kawu a cikin rijiya, ya ɗauke kamar an hure fitila, sannan ya dawo. Duk masu shiga sun sani. Sun daɗe suna kewaye abin, wannan ya karɓar masa diga, wancan ya tsaya kusa da shi, ba tare da sun nuna masa sun lura ba. Ya roƙe ni da girman Allah kada in ce daga bakinsa na ji.

Na samu Kawu shi kaɗai a gindin wata tsamiya, na durƙusa na yi masa maganar a hankali. Ya ce zafin rana ne, kuma bai karya ba ranar. Ya ce babu mahaƙin da ƙasa ba ta taɓa juya wa kai ba. Na roƙe shi ya je asibiti, ya je don ya faranta mini, aka ba shi ƙwayoyi ya dawo da su ƙulle a gefen riga. A 'yan kwanakin nan aikin zubin siminti muke yi, ba a buƙatar ya sauka, sai na samu abin fakewa. Ana gobe za a koma haƙa na sake samunsa, na ce ina so ya huta da shiga, ya tsaya a sama ya riƙa duba mana igiya. Ya yi murmushi ya dafa kaina, yadda ake yi wa yaron da ya faɗi maganar da ta fi ƙarfinsa.

Da safe ya ɗaura ɗamararsa, ya ɗauki diga, ya nufi bokiti kamar kullum. Ma'aikata duk suna tsaye, ga dattawan gari sun zo kallo. Na duba fuskar wanda zai sauka tare da shi, na ga ya sunkuyar da kai. Sai na sa hannu na riƙe igiyar.

“Kawu, yau ba ka shiga.”

Ya tsaya da ƙafa ɗaya a bakin bokiti. “Wa ya ce?”

“Ni na ce.”

Ya daɗe yana kallona. Ba fushi na gani a idonsa ba, wani abu ne kamar mamakin mutumin da ya dawo gida ya tarar an sauya ƙofa. Ya janye ƙafarsa, ya ajiye digar a hankali.

“To, Helma,” in ji shi.

Daga ranar bai sake ce mini “ɗan nan” ba.

Ni a ganina na ba shi matsayi, tun da duba igiya da winci rayukan mutane ne. Amma abin bai zama haka ba. 'Yan sama, don girmamawa, ba sa barinsa ya taɓa komai. In ya miƙa hannu zai ɗauki shebur, wani ya riga shi. In ya ce igiya ta fara cin wuri, a ce to Baba, a gyara, a koma a bar shi zaune. Ya zama kamar baƙon da aka shimfiɗa wa tabarma aka manta da shi. Wata rana na ga matan gari sun kawo fura, sun wuce shi yana zaune a inuwa, sun kai wa waɗanda suka fito da laka a jiki. Ba da gangan suka yi ba, ba su san shi ba ne. Ya kau da kai yana kallon daji.

Ma'aikata kuwa suka ɗauke mini wuta. Ba wanda ya ƙi bin umarnina, amma in na iso wurin hira sai ta mutu. Har waɗanda na san a ransu sun samu sauƙi, don ba su ƙara sauka da fargabar abin da zai faɗo musu ba, ba su yafe mini yadda na tsayar da dattijo a gaban jama'a ba. Da jami'inmu ya zo daga Sakkwato ya ji labari, ya yaba mini, ya ce irin shugabannin da sabuwar ƙasa ke buƙata ke nan. Kawu yana zaune ba nisa, ya ji. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige.

Labari ya riga ni isa Tambuwal. Ni ɗan fari ne, Inna ba ta kiran sunana, ba ta kuma yi mini magana kai tsaye sai dole. Ina zaune a tsakar gida ta dubi matata, ta ce wasu in sun iya boko sai su manta bayan da ya goya su. Ni ma na dubi matata na ba ta labarin guduma, da kafaɗar mutumin Jabo, da 'ya'yansa da ba su isa riƙe fartanya ba. Inna ta ci gaba da tsince wake. Can ta ce, “Ki gaya mashi ya yi gaskiya. Amma yayana ba shi iya zama inuwa. Bai taɓa iyawa ba.”

Kafin ruwan farko Kawu ya bar aiki. Ya wanke kayan da ke hannunsa ya jera su, ya bi kowa ya yi masa sallama. Da ya zo kaina ya ce Allah ya ba ni ikon riƙo, ya ɗauki jakarsa ya kama hanya. Na bi shi zan riƙe masa jakar zuwa bakin hanyar mota, ya ce in koma, an bar aiki ba kowa.

Da damina ya yi noma a ƙauyensu. Bayan kaka sai na ji a kasuwar Kebbe cewa ya koma haƙa irin ta da, yana yashe wa Fulani da 'yan ƙauye tsofaffin rijiyoyi. Babu winci, babu abokin shiga, sai itace mai gwafa da igiyar rama, da duk wanda aka samu ya ja. Na hau keke na neme shi har na same shi a wata ruga. Ya tarbe ni da fara'a, ya sa aka kawo mini nono, ya tambayi Inna da yara. Na roƙe shi ya dawo, na ce zan nema masa duk abin da yake so a sama. Ya ce shi bai riƙe ni da komai ba, amma mahaƙi a ƙasa yake cin abincinsa, in ya zauna a sama sadaka yake ci.

Na duba igiyar da yake sauka da ita, ta tsufa, duk ta yi gashi. Ina ɗauke da sabuwa a bayan keke, sai na kwance na ba shi. Ya murza ta a hannu ya ce mai kyau ce, ya yi godiya. Har yau ban san ko mene ne na ba shi ranar ba, taimako ko izini. Na dawo ina gaya wa kaina aƙalla igiya ba za ta tsinke da shi ba.

Zafi ya sake shigowa, muna aiki kudu da Kebbe. Wata rana da hantsi wani Bafillace ya iso wurinmu a guje, sandarsa a hannu, yana haki. Ya ce tsohon da ke yashe musu rijiya ya daina amsawa. Sun ja igiya, guga ta fito ita kaɗai, don igiyar ɗaya ce, in ya sauka yakan kwance ta daga ƙugunsa ya ɗaura wa guga. A cikinsu babu wanda ya taɓa shiga rijiya. Sun tsaya suna kira har suka gaji, sannan wani ya tuna akwai ma'aikatan gwamnati a kusa. Bai san ni ba, bai san abin da ke tsakanina da tsohon ba.

Muka kwashi igiyoyi muka bi shi. Mutumin Jabo ya dawo aiki a lokacin, kafaɗarsa ta warke amma ba ta ɗaguwa sosai, ya koma cikin 'yan sama. Shi ya fara kama igiyar da na ɗaura a ƙuguna, sauran suka jeru a bayansa. Rijiyar ƙunci gare ta, bangonta yana zubo mini a ka ina sauka. Na tarar da Kawu ya zame ya jingina da bango, gefen fuskarsa cikin ruwan laka wanda bai wuce idon sawu ba. Yana numfashi, amma da wani gurnani a ƙirji. Na ɗago kansa, na share masa baki da hanci, na ɗaure shi a jikina. Ban san ya rame haka ba sai da na ɗauke shi.

Aka shimfiɗa shi a inuwar wani marke. Matan ruga suka tsaya nesa suna kallo, wata tsohuwa ta kawo ruwa a ƙwarya. Wajen azahar ya buɗe ido. Ya dube ni, ya ga laka a jikina har wuya, ya gane abin da ya faru. Na matsa kusa ina jiran ko zai faɗa mini wata magana, ta faɗa ko ta yafiya, duk wadda ta zo ina so.

“Wa ya riƙe ma igiya?” abin da ya tambaya ke nan.

Na nuna masa mutumin Jabo. Ya yafito shi da yatsa, mutumin ya durƙusa. Kawu ya ɗora hannu a kan kafaɗar nan da ta karye, ya ce, “Ka yafe min wagga.” Mutumin ya ce ya yafe duniya da lahira, yana hawaye. Kawu ya rufe ido, leɓunansa suna motsi. Kafin la'asar ya cika. Ruwan da ya shaƙa ya riga ya yi masa illa.

A wurin zaman makoki kowa ya ba ni haƙuri da abin da ya dace. Liman ya ce ajali ba ya wuce lokacinsa, ko a kan gado yake ranar sai ya tafi, kuma na yi imani da haka. Mutumin Jabo ya ja ni gefe ya ce in tuna da 'ya'yansa, da na bar Kawu yana shiga wataƙila da wani gidan ake wannan zama. Wannan ma gaskiya ne. Matar Kawu ta aiko a kira ni, ta ce in cire komai a raina, don in ba na nan yakan yi alfahari da ni, ya ce ɗansa ne ke riƙe da mutane kuma ba ya tsoron faɗin gaskiya. Ta faɗa ne don ta sanyaya mini zuciya. Na fito daga ɗakinta na rasa inda zan sa kaina.

Abin da ba wanda ya faɗa, ni kuma na sani, shi ne wannan: da a rijiyarmu jirin nan ya ɗauke shi, akwai mutum a gefensa da zai ɗago kansa daga ruwa, akwai winci da zai fito da shi kafin a gama salati. Na fitar da shi daga wurin da zai iya kashe wani, ya tafi wurin da babu mai ceton sa. Na kare mutanen da aka ba ni amanarsu, na ɗauka aikina ya ƙare a bakin rijiyar da nake tsaye. Ban tambayi kaina ina mutum zai nufa in an raba shi da abin da ya sani ba, alhali Inna ta gaya mini.

Na daɗe ina helma bayan haka, har aka raba Jihar Arewa ina kan aiki. Na yi ƙoƙarin sassauta al'adar rufa asiri. Na ce wa mutanena tsoro da kuka su bar su a ƙasa, ba na son ji, amma ciwo a kawo mini, ni zan rufa shi. Wasu sun kawo, wasu ba su kawo ba. An sake samun dattawan da ƙarfinsu ya ƙare, dole na dakatar da su. Sai dai ban ƙara yi a gaban mutane ba, kuma nakan je gidan mutum tun kafin lokaci, mu zauna mu yi ta juya maganar har ta zama kamar daga bakinsa ta fito. Wani na sa shi koyar da sababbin shiga, yana sauka da su rijiyar da ba ta yi zurfi ba. Wani kuwa duk dabarata bai karɓa ba, ya tafi yana fushi da ni. Ban ce na gano hanyar ba.

Da na yi ritaya aka yi 'yar walima, wani ya tashi ya ce a duk zamanina ba a taɓa rasa rai a rijiyar da nake shugabanta ba. Mutane suka yi kabbara. Na sunkuyar da kai, suka ɗauka kunya ce.

Inna ba ta sake tayar da maganar ba har ta koma ga Allah. Ba ta canza mini fuska ba, ba ta kuma ce ta yafe ba, don a wurinta wataƙila babu abin yafewa. Ni ne dai ban iya haɗa ido da ita in an ambaci yayanta.

Fulanin nan ba su ƙara shan ruwan rijiyar ba, suka cike ta da ƙasa suka tashi. Bayan shekaru masu yawa ɗana ya ɗauko ni a babur daga Kebbe, muka biyo ta wajen. Na ce ya tsaya. Wurin ya zama gonar dawa, marken ma an sare. Na yi ta kewaya ban gane daidai inda take ba. Na tambayi mai gonar, wani saurayi, ya ce shi tun tasowarsa bai taɓa jin an yi rijiya a nan ba. Na tsaya a bakin wata kunyar dawa na yi wa Kawu addu'a. Ɗana ya ce rana tana yi, hanya kuma ba kyau, na hau muka tafi.